Maƙala a ƙarshen zango ko rubutu a gefen zane?

Malama, kin tambaya wanne ya fi wa ɗaliban zane da ƙira amfani: maƙala a ƙarshen zango, ko rubutun da ake yi hannu na cikin aiki. Na gwada su duka a aji.

Maƙala tana da asali. A Ingila, rahoton kwamitin Coldstream kan ilimin zane na 1960 ne ya nemi a ware kusan kashi 15 cikin ɗari na karatun zane ga tarihin fasaha da darussan da ke rakiyarsa. Tana koya wa ɗalibi kafa hujja da sanin waɗanda suka riga shi. Illarta, sai fenti ya bushe take zuwa. Ɗalibin ya riga ya manta abin da ya sa ya goge hoton sau uku, sai ya ari kalmomin manya ya rufe gurbin.

Rubutun gefen aiki kuwa da ɗuminsa ake kama shi. Wata ɗalibata ta rubuta a gefen takardarta, da yatsa duk fenti: "Ruwa ya yi yawa, shuɗin ya mutu. Gobe zan fara da duhu." Ban taɓa samun bayanin launi mai kaifin wannan a maƙalarta ba. A nan ne ake samun filin gwaji. Nakan ce su siffanta kujera ba tare da ambaton launi ko ɗaya ba, ko su yanka shafin da suka rubuta su sake jera shi. Dabarar ɗaure alƙalami da doka ta ƙungiyar marubuta ta Oulipo ce, wadda aka kafa a Faransa a 1960. Ɗan ƙungiyar, Georges Perec, ya rubuta littafi sukutum a 1969 babu harafin "e". Da ka hana ɗalibi kalmar da ya saba, dole ya sake kallon kujerar. Wanda dogon rubutu ke ba wa tsoro ma sai ki ga ya saki jiki.

Matsalarsa maki. Da wuya a auna shi, kuma wasu sukan cika littafin da suke wannan rubutu a ciki a dare ɗaya kafin ranar miƙawa. Shi ya sa nake duba littattafan kowane mako, a bakin teburin aiki.

Ni dai da na biyun nake farawa. In zango ya kusa ƙarewa, sai kowa ya buɗe littafinsa, ya ja layi a ƙarƙashin jimloli biyar da suka fi damunsa, daga cikinsu ya fitar da tambayar maƙalarsa.