Aikin maginan ƙasa a tsohuwar kasuwarmu, bayan damina biyu

Garinmu yana kan layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, kuma kamar Ringim da Malam Madori, cinikin gyaɗa ne ya raya tsakiyarsa. Shagon da na gada daga mahaifina ɗaya ne daga cikin soraye tara da ke fuskantar tsohon filin awo, inda ake ɗora buhuna a sikeli kafin a kai su tasha. Tun da cutar gyaɗa ta 1975 ta karya manoma, jirgi kuma ya yi ta ja da baya, ciniki ya koma bakin kwalta, aka bar sorayen ga jemagu da awaki. Ruwan 2022, wanda ya yi ɓarna mai yawa a Jigawa, shi ne ya kayar da biyu daga cikinsu, ya kuma tsaga bangon nawa daga rawani har ƙasa.

Bayan an ɗauke amfanin gona aka yi zama a ƙofar dagaci, da sarkin kasuwa da masu shagunan da dattawan unguwa. Wasu sun so a rushe jerin gaba ɗaya a yi na bulo da kwano, ni ma a ranar ra'ayina ke nan. Abin da ya rinjaye mu shi ne tsadar siminti, sai kuma maganar tsofaffi cewa idan sorayen nan suka tafi, babu sauran abin da za a nuna wa yaro a ce nan ne asalin kasuwa. Aka tsayar cewa kowane mai shago zai biya magina ya sayi azararsa, gari kuma zai yi gayyar ɗebo ƙasa da ruwa. An ɗauko wani dattijon magini daga ƙauyen da ke makwabtaka da mu, da yaransa huɗu. Aikinsu nake so in auna a nan, domin mutanen wasu garuruwa suna ta tambayata ko ya dace su kira su.

Tun daga zaɓen ƙasa na gane cewa mutumin ya san sana'arsa. Samari sun kwaso amalanke uku daga kududdufin da ya fi kusa, ya damƙi kaɗan ya jiƙa ya murza a tafin hannu, ya ce a mayar, yashi ya yi mata yawa. Sai da aka je bayan gari aka haƙo jan birji. Aka kwaɓa shi da ciyawa, aka tattake da ƙafa, aka bar shi ya kwana biyu ana yayyafa masa ruwa kafin a fara murza tubali. Na ce masa, "Baba, wannan jiran ba zai cinye mana rani ba?" Ya ce, "Malam, ƙasar da ba ta ruɓa ba, a damina take rama gayya." Ban sake yi masa gardama a kan ƙasa ba.

Tsagar bangona bai cike ta da laka ya shafe ba, kamar yadda masu gaggawa ke yi. Ya sassaƙe gefenta biyu, ya ɗaure ta da guntayen azara a gicciye, sannan ya jera sabon tubali a tsakani, sahu bayan sahu, yana barin kowane ya sha iska kafin ya ɗora na gaba. A rufi kuwa gwanintarsa ta fi fitowa. Azara, wato tsagin itacen giginya, gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar ƙafa shida, shi ya sa magina ke fito da ita daga bango hawa-hawa har bakunan su haɗu. Da ya yaye tsohon rufin, ya ƙwanƙwasa kowace azara da ƙotar gatari yana saurare, ya ware masu amo ya mayar da su, don haka kaɗan kawai na saya sabuwa. Wannan ya rage mini kashe kuɗi sosai, domin giginya ta yi ƙaranci a wajenmu, kuma mai son cin riba da cewa zai yi duka sun lalace. Ya ƙara tsawon indararo yadda ruwa zai zuba nesa da gindin bango, ya yaɓe waje da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Na so a yi mini laso a saman rufi, irin wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ya gaya mini gaskiya cewa marinar garin ta daɗe da mutuwa, samun katsi sai an nufi wajen Kura ko Kano, kuɗin mota kuma zai fi amfanin.

Inda suka gaza shi ne alƙawari da lissafi. Sun ce wata ɗaya, aikin shagona ya ci sati tara. Duk Alhamis ba a ganin biyu daga cikin yaran, sun tafi Maigatari dillancin dabbobi, idan kuma aka yi rasuwa ko suna a ƙauyensu, aiki ya tsaya ke nan babu ko saƙo. Ba su da farashi a rubuce, kuma abin da muka yi ciniki a kai tun farko ya ƙaru sau biyu, ko da yake a ƙari na biyu da hujjarsu, don sai da aka buɗe rufi aka ga ruɓar da ke ciki. Ƙofa ma ba fanninsu ba ce. Gurbin da suka bar mini ya karkace, har mai walda ya yanke ƙyauren ƙarfe ya sake haɗa shi, ni kuma na biya. Duk wanda zai ɗauke su, ya kawo ƙyaurensa tun kafin a tayar da bango, ya kuma sa shaidu a kan kuɗi.

Gayyar ma ba ta tafi yadda aka tsara ba, amma wannan ba laifin magina ba ne. Makon farko an cika, da kalangu da fura, mata suna ɗebo ruwa, almajirai suna miƙa tubali. Zuwa mako na huɗu sai masu shagunan da 'ya'yansu, muka koma sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Abin da ya ɗore shi ne na mata masu adashe, waɗanda suka karɓi soraye biyun da suka rushe bisa sharaɗin su biya gininsu, yanzu suna sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da daddawa a ciki. Su ne suka fara jawo mutane wurin, kafin tela da mai gyaran waya su biyo baya.

Yanzu damina biyu ta wuce a kan aikin. Rufina bai ɗiga ko sau ɗaya ba, tsagar kuma ba ta dawo ba. A zafin Afrilu, lokacin da masu shagunan kwano na bakin kwalta ke fitowa gindin darbejiya tun kafin azahar, ni ina zaune a ciki, goro ba ya bushe mini da wuri, sabulu da alewa ba sa narkewa. Sai dai bangon gabas, wanda ruwa ke duka, makubarsa ta fara zaizayewa tun daminar farko, kuma dattijon ya faɗa mini haka za a yi tun ranar da ya gama. Gini na ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, wanda kuwa ba zai iya wannan ɗawainiya ba, gara ya yi na bulo. Makwabcina na dama bai sake yaɓe ba, ga shi tubalinsa ya fara leƙowa, kuma da yake bangonmu ɗaya, damuwarsa ta zama tawa.

Zan ba da shawarar a kira su ga wanda yake da tsohon soro mai kaurin bango da azarar da ta rage da ƙarfi, yake kuma da haƙurin bibiyar ma'aikata. A fara da zarar an gama girbi, kada a bari sai bazara ta gabato. Ni dai na riga na yi magana da babban yaron dattijon a kan yaɓen bana, kuma sarkin kasuwa ya yi alƙawarin tara masu shagunan tara a yi shi rana ɗaya, domin a haɗa kuɗin makuba.