StopNCII: yana tare hoto a Facebook, amma hannunsa bai kai WhatsApp ba

Ga 'yar Kaduna da tsohon saurayi ke yi wa barazanar watsa hotunanta na tsiraici, shafin StopNCII.org ya cancanci gwadawa, kuma kyauta ne. Wata ƙungiya ce a Birtaniya ta buɗe shi a 2021 da haɗin gwiwar Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook.

Hoton ba ya barin wayarki, kuma nan ne ƙarfinsa. Kina zaɓar hoton ko bidiyon, shafin ya ciro wata lamba da ta keɓanta da shi, lambar kaɗai yake tura wa Facebook, Instagram, TikTok da sauran abokan hulɗarsa. Duk wanda ya ɗora hoton da ya dace da lambar, sai a duba, a cire. Za a ba ki lambar ƙorafi, ke kuma ki zaɓi lambar sirri. Rubuta su a takarda, don idan suka ɓata ba a dawo da su. Sai mai shekara 18 zuwa sama. Wadda aka ɗauki hotonta tana ƙasa da haka, wani shafin daban mai suna Take It Down ne nata.

Raunin StopNCII babba ne. A nan garin, irin wannan abu a guruf-guruf na WhatsApp ya fi yawo, kuma saƙonnin can a kulle suke, shafin ba ya ganinsu. Idan an yanke hoton ko an yi rubutu a kansa, lambar na iya ƙin dacewa, sai an shigar da wannan sigar daban. Hoton biki da aka sace aka buɗe asusun bogi da shi kuwa ba hurumin shafin ba ne. Wannan sojan gona ne, sashe na 22 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya tanadar masa hukunci.

Shafin ba ya kama kowa, don haka tara hujja kafin a goge komai: hoton allo mai nuna lambar waya, sunan asusu, rana da lokaci, da adireshin shafin da aka ɗora hoton. Kada ki sayar da wayar ko ki goge abin da ke cikinta. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar bayani kan na'urar da hujjar ta fito, kuma rashinta na iya sa kotu ta ƙi karɓar hujjar. Kuɗin toshe baki kuma, kada ki biya. Mai karɓa sau ɗaya zai dawo.

Da hujjar a hannu, a rubuta takardar koke zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sandan Jihar Kaduna. Tura hoton batsa ta intanet laifi ne a sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet, tarar da ta kai naira miliyan 7, ko ɗaurin da ya kai shekara 3, ko duka biyun, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron ƙarar. Wadda ba ta da kuɗin lauya ta nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA reshen Kaduna.