Ledojin noman naman kaza a Yamai: kaya masu kyau, sai dai ba na bazara ba ne

A watan Nuwamba na sayi leda 10 na noman naman kaza, wato irin laimar kwaɗin da ake ci, daga wata ƙaramar gona da ke kusa da gonakin shinkafa na Saga, bayan na daɗe ina jin cewa garin katakon da kafintoci suke zubarwa a kasuwar Katako yana iya zama abinci. Kowace leda cike take da garin katako da ɗan dusa, an turara ta a cikin durom domin kashe ƙwayoyin cuta, sannan aka zuba irin, wanda ake rainonsa a kan ƙwayar dawa. Nau'in da Faransawa suke kira pleurote ne.

Aikin gonar ya gamsar da ni. Ledojin sun iso hannuna fari fat kamar auduga, alamar irin ya gama cin garin, kuma mai gonar ya tabbatar mini ba ya karɓar garin katakon da aka shafa wa fenti ko maganin gara. Na jera su a ɗakin laka, na tsaga kowace da reza, na rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, ina yayyafa ruwa safe da rana da yamma saboda hunturu yana busar da komai. Kafin mako ya cika ƙananan kawuna suka leƙo daga tsagar, bayan kwana huɗu suka buɗe kamar kunnuwa a jere. Mahaifiyata ta ƙi taɓawa da farko, tana cewa laimar kwaɗi ce, amma da aka soya shi da albasa da tattasai sai ta ce a ƙaro mata. Ledojin sun ba da girbi sau uku, guda ɗaya kawai koren fumfuna ya lalata.

Ƙorafina shi ne ba a gaya mini gaskiya game da zafi ba. Wannan nau'in yana son yanayin da bai wuce digiri 30 sosai ba, ga laima mai yawa, alhali a watan Afrilu zafin Yamai yana haura 40. Na sake sayen ledoji a lokacin, mai gonar ya karɓi kuɗina bai ce uffan ba, kuma duk suka bushe ba tare da na tsinki ko cikin tafin hannu ba. Ya kamata a riƙa faɗa wa mai saye wannan tun a bakin ƙofa.

Zan koma wurinsa idan damina ta kankama, amma sai na fara samun masu saye, domin ɗanyen naman kaza ba ya wuce 'yan kwanaki ko a cikin firiji.