Gargaɗi Kan Masu Tallar Fitilar Akwatin Kifi da Suke Cewa Tana Hana Gansakuka

Wannan gargaɗi ne ga duk mai kiwon kifi a akwatin gilashi da ya shuka tsirran ruwa a ciki, musamman wanda bai daɗe da fara harkar ba kuma yake neman fitila mai sauƙin kuɗi. Akwai wasu 'yan kasuwa a intanet, waɗanda shafukansu ke sauya suna lokaci zuwa lokaci amma hotunansu da kalamansu ba sa sauyawa, da ke tallar fitilar LED tare da alkawarin cewa haskenta yana raya kowane irin tsiro kuma yana hana gansakuka fitowa. Alkawarin ƙarya ne, kuma fitilar ita ce matakin farko na damfarar, domin ribar da suke hari tana cikin abubuwan da za su sayar wa mutum daga baya, bayan akwatinsa ya yi kore shar ya dawo yana neman mafita a wurinsu.

Dalilin da ya sa alkawarin ba zai taɓa cika ba yana cikin halittar tsiron kansa. Tsirran ruwa da gansakuka duka suna sarrafa abincinsu da haske ta hanyar sinadari ɗaya, wato kulorofil, kuma duka suna amfani da hasken da tsawon zangonsa, wato abin da ke bambanta launukan haske, ya kama daga nanomita 400 zuwa 700. Kulorofil ya fi zuƙar shuɗin haske da jan haske, ko a ganyen tsiro yake ko a jikin gansakuka. Saboda haka duk hasken da ya isa ya raya tsiro ya isa ya raya gansakuka, kuma babu wani launi da za a zaɓa wanda ɗaya zai ci ɗayan ya kwana da yunwa. Mai tallar da ya ce fitilarsa tana da wani “zango na musamman” da gansakuka ba ta iya amfani da shi, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuwa ya sani sarai yana fatan mai saye ne bai sani ba.

Ƙarya ta biyu tana cikin lambobin da ake rubutawa a jikin kwali. Za a ga an rubuta wat 60 ko wat 100 da manyan baƙaƙe, sannan a wani lungu a saka kalmar da ke nufin “daidai da”, wato ana kwatanta fitilar da tsohon ƙwan lantarki mai zare, alhali wutar da take ja ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan adadi ba. Gano wannan ba ya buƙatar gwani. A dubi adaftar da ta zo da fitilar, a ninka adadin bolt da adadin amfiya da aka rubuta a jikinta: adaftar da ke ba da bolt 12 da amfiya 1 ba za ta wuce wat 12 ba, komai girman lambar da ke kan kwalin. Wanda yake da ƙaramar na'urar auna wuta da ake sakawa a soket zai ga gaskiyar a cikin minti ɗaya. Shi ya sa irin waɗannan 'yan kasuwa ba sa nuna hoton adaftar a tallarsu, kuma idan aka nemi su turo shi sai su shiga kewaye-kewaye.

Ko da adadin wat ɗin gaskiya ne, bai isa ya nuna ingancin fitila ba. Tsohuwar ƙa'idar da ake ƙidaya wat bisa yawan ruwa ta samo asali ne daga zamanin dogayen fitilun fulorasan irin T8 da T12, kuma ba ta yin aiki daidai a kan LED, wadda ke ba da haske mai yawa da wuta kaɗan. Lumen ma, da suke yawan ambata, ma'auni ne na yadda idon ɗan Adam ke ganin haske, kuma ido ya fi jin koren haske na kusan nanomita 555. Kelbin kuwa launin hasken kawai yake nunawa, ba ƙarfinsa ba. 6500K na nufin fari mai kama da hasken rana, kuma rubuta 10000K ba ya nufin fitilar ta fi ƙarfi, sai dai ta fi karkata ga shuɗi. Ma'aunin da ya shafi tsiro kai tsaye shi ne PAR, wanda ke ƙidaya yawan hasken da tsiro zai iya amfani da shi a wani wuri takamaimai. A nan ne kuma suke yin dabarar da ta fi wuyar ganewa, domin sukan kawo adadin PAR mai girma ba tare da faɗin nisan da aka auna shi ba. Haske yana raguwa ƙwarai da nisa, kuma adadin da aka samu a santimita 5 daga fitila ba shi da wata alaƙa da abin da zai isa ƙasan akwati mai zurfin santimita 45. Kamfanin da ke da gaskiya yakan ba da jadawalin PAR a nisa daban-daban, a tsakiya da kuma gefe. Lamba ɗaya tilo ba tare da nisa ba, ado ce kawai.

Hotunan tallar su ma abin lura ne. Akwatin da ake nunawa, mai jajayen tsirrai da shimfiɗaɗɗiyar ciyawa a ƙasa, irin wanda ake samu ne da fitila mai ƙarfi, da iskar CO2, wato kabon dayoksaid da tsiro ke buƙata don sarrafa abinci, da ake turawa cikin ruwa daga tukunyar gas, da taki, da aski na yau da kullum. Sau da yawa hoton na wani ne aka ɗauko, kuma binciken hoto a intanet yakan nuna shi a shafukan da ba su da alaƙa da fitilar. Sharhin yabo da ke ƙarƙashin tallar kuwa, a duba abin da yake cewa: yawanci “kaya sun iso da wuri” ne ko “tana da haske sosai”, wato maganar ranar da aka buɗe kwali. Tsiro ba ya nuna jin daɗinsa ko wahalarsa sai bayan makonni, don haka sharhin da bai kai wata biyu da fara amfani ba bai faɗi komai game da raya tsiro ba.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi ɓarna. Takardar da ke cikin kwalin takan ba da shawarar a bar fitilar a kunne awa 12 ko fiye, tunda ai “ba ta kawo gansakuka”. Cikin 'yan makonni gilashi ya yi kore, ganye ya fara fitar da gashi, mai akwati ya koma ya yi ƙorafi. Amsar a shirye take: laifin ruwanka ne, ga maganin da muke sayarwa. Kwalbar ba ta ɗauke da jerin abubuwan da ke cikinta, kuma wannan kaɗai ya isa a ƙi ta. Magungunan kashe gansakuka da yawa suna ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, wanda ko kaɗan ne yana kashe jatan lande da dodon koɗi. Wasu kuma ruwan gulutaraldihaid ne, wanda ake sayarwa da sunan “kabon na ruwa”. Yana rage wasu nau'o'in gansakuka idan an bi ƙa'ida, amma yana narkar da tsirrai irin su Vallisneria, yana cutar da ido da fata, kuma idan ya yi yawa yana kashe kifi. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba: idan gansakuka mai yawa ta mutu a lokaci ɗaya, ruɓewarta tana cinye iskar oksijin da ke cikin ruwa, sai a wayi gari kifaye suna haki a saman ruwa. Kuma tunda ba a taɓa musabbabin ba, gansakukar tana dawowa, mai akwati kuma ya sake sayen kwalba.

Wasunsu sukan ƙara da ƙaramar fitilar UV, mai hasken kashe ƙwayoyin cuta, marar rufi da ake tsomawa cikin akwati. Hasken UV-C na kusan nanomita 254 yana kashe gansakukar da ke yawo a ruwa, wadda ke mayar da shi kore kamar an zuba launi, amma sai ruwan ya ratsa ta cikin rufaffen bututu, kuma ba ya taɓa gansakukar da ta manne a gilashi ko ganye. Barin irin wannan fitila a fili kuwa yana ƙona idon mutum da fatarsa, yana kuma cutar da kifin.

Daga waɗannan shafuka ne kuma ake samun “irin ciyawar shimfiɗa” a ƙananan ledoji. Irin yana tsirowa da sauri, ya yi kyau na 'yan makonni, sannan ya miƙe ya zama wani tsiro dabam ko ya ruɓe, ruɓewar kuma ta zama abincin gansakuka. Tsirran shimfiɗa na ainihi, kamar Hemianthus callitrichoides da Glossostigma, a tukunya ko a rufaffen kofin da aka raine su a ɗakin gwaji ake sayar da su, ana kuma yaɗa su ta hanyar rarraba saiwa da reshe. Haka nan a yi hattara da kifin da ake cewa mai cin gansakuka ne na Siyam, domin akan musanya shi da wanda ake kira na Sin, wanda yake girma ƙwarai, ya rage cin gansakuka idan ya manyanta, ya koma takura wa sauran kifaye.

Batun tsaro ba ƙarami ba ne, domin ana maganar lantarki ne a saman ruwa. Alamar IP67 tana nufin na'ura ta jure nutsewa na ɗan lokaci, IP65 kuwa feshin ruwa kawai, amma bugawa a kwali ba ya nufin an gwada. Fitilar da gefenta ke buɗe, ko wayarta ta shiga jiki ba tare da roba mai toshe ƙofar ba, tururin ruwa zai ci ta. Jikin roba zalla ba tare da alminiyam mai janye zafi ba yana sa ƙwayoyin LED su dushe da wuri. A bar wayar ta sauka ƙasa da soket kafin ta hau, don ɗigon ruwa ya tsaya a lanƙwasar, kuma a haɗa kayan akwati da na'urar da ke yanke wuta idan ta fara zurara.

Kada a fahimci wannan gargaɗi a matsayin cewa sai fitila mai tsada. Ko da yake an ce araha ba ta ado, a wannan harka fitila mai sauƙin kuɗi tana aiki sosai idan an san iyakarta. Farar fitilar LED ta gama-gari mai 6500K, ko da ta haska farfajiya ce mai jure ruwa, tana raya Anubias, da Cryptocoryne, da Microsorum, da Vallisneria ba tare da ƙarin CO2 ba, domin waɗannan tsirrai ne da PAR na kimanin 20 zuwa 30 a ƙasan akwati ya wadatar da su. Abin da ya kamata a nema shi ne tsawon da ya rufe akwatin daga gefe zuwa gefe, da damar rage ƙarfin haske, da adadin wutar da take ja na gaskiya. A gaskiya, matsalar yawancin sababbin masu akwati yawan haske ce, ba ƙarancinsa ba. Haske shi ne ke tura tsiro ya nemi CO2 da taki. Idan aka ƙara shi ba a ƙara sauran biyun ba, tsiron ya gaza, gansakuka kuma ta ci ragowar. Na'urar saita lokaci da za ta kunna fitila awa 6 zuwa 8 a rana ta fi kowace kwalbar magani amfani, kuma idan fitilar ba ta da abin rage haske, ɗaga ta sama kaɗan ko saka tsirrai masu shawagi a saman ruwa yana yin wannan aiki.

Ita kanta gansakukar tana faɗin abin da ke damun akwati idan an kula da irinta. Mai launin ruwan ƙasa-ƙasa mai kama da ƙura da ke rufe gilashi a sabon akwati yakan tafi da kansa bayan 'yan makonni, kuma kifin Otocinclus da dodon koɗi na Nerite suna cin sa. Baƙin gemu da ke kama gefen ganye masu jinkirin girma ana danganta shi da hawa da saukar CO2 da taruwar datti. Kore mai tsawo kamar gashi yakan biyo bayan yawan haske, kuma jatan landen Amano, wanda aka raɗa wa sunan Takashi Amano na Japan da ya yaɗa amfani da shi, yana taimakawa a kansa. Shimfiɗa mai yauƙi da wari, mai launin shuɗi-kore, ba gansakuka ba ce ma, ƙwayoyin bakteriya ne, kuma rufe akwati ruf na kwana uku zuwa huɗu tare da gyara gudun ruwa yakan karya ta. Kwalba ɗaya ba za ta magance abubuwa huɗu masu mabambantan dalilai ba. Sauya wani kaso na ruwa kowane mako, da rage abincin kifi, da cire ruɓaɓɓen ganye, da cika akwati da tsirrai masu saurin girma tun farko, su ne aikin da ke rage ta.

Wanda ya riga ya sayi irin wannan fitila, ya ɗauki hoton kwalin da na adaftar da na tallar kafin a goge ta, ya shigar da ƙorafi ta dandalin da ya yi cinikin tun wa'adin mayar da kaya bai ƙare ba, yana mai nuna bambancin wat ɗin da aka tallata da wanda adaftar ke bayarwa, domin wannan hujja ce da ba ta buƙatar gardama. Kada ya yarda da tayin ragi a kan “maganin” a madadin mayar masa da kuɗinsa, kuma kada ya tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun mai sayarwa a wajen dandalin, domin yin haka yana cire shi daga kariyar da dandalin ke ba masu saye. Idan kuma ya riga ya zuba maganin da ba a san abin da ke cikinsa ba, ya sauya kusan rabin ruwan da ruwan da aka cire wa kulorin, ya saka gawayin tacewa a cikin matatar, ya ƙara iska a ruwa, ya kuma kwashe jatan lande da dodon koɗi zuwa wani mazubi mai tsabtataccen ruwa har sai ya maimaita sauyin ruwan sau da dama.