B ko H: wanne ne filin maganaɗisu?

Ɗan'uwa, ka ce wani littafi yana kiran B filin maganaɗisu, wani kuma H yake ba wa sunan, har ka rasa wanda za ka kama. Ba laifinka ba ne, marubutan ne bakinsu bai zo ɗaya ba. Amma abubuwa biyu ne daban, ko ma'auninsu ba ɗaya ba: B da tesla ake auna shi, H kuwa da amfiya a kowace mita.

Ga yadda za ka raba su. Nannaɗe waya a jikin zoben roba, naɗi 1000 a kowace mita, ka tura lantarki amfiya 2. H a cikin zoben zai zama 2000, wato yawan naɗi sau ƙarfin lantarki, shi ke nan. B kuwa kusan militesla 2.5 ne kawai, wato tesla 0.0025. To cire robar, ka sa zoben baƙin ƙarfe, kada ka taɓa komai. H yana nan a 2000 bai motsa ba, amma B sai ya haura tesla 1, domin ƙarfen ya zama maganaɗisu ya ƙara nasa a kai. Abin da B = μ₀(H + M) ke faɗi ke nan, M ɗin shi ne gudummawar ƙarfen, μ₀ kuma lamba ce tsayayyiya da ke haɗa B da H a sararin da babu komai. Shi ya sa mai ƙera taransifoma ba ya rabuwa da H, don shi ne yake iya juyawa da lantarkin da ke hannunsa.

Ni dai B nake ɗauka a matsayin filin na ainihi, tunda shi ke tura cajin lantarkin da ke tafiya: F = qv × B, inda F shi ne ƙarfin turawar, q cajin, v kuma saurin tafiyarsa da inda ya nufa. Tesla 1.5 ko 3 da ake faɗa a kan injin MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti, ma B ne.

Tsofaffin littattafai masu amfani da tsarin ma'auni na Gauss sun ƙara dagula lamarin. A can B da gauss ake auna shi, H da oersted, kuma a sararin da babu komai lambarsu ɗaya ce, sai mutane suka saba musanya su. Tesla 1 gauss 10,000 ne.

Don haka idan ka ga "filin maganaɗisu", fara duba ma'aunin tukuna. Ka kuma kula, H ɗin da ke cikin H/m, ma'aunin μ₀, henri ne, ba ruwansa da H ɗin da muke magana a kai.