Kabureta Edelbrock 1406 a kan injin Chevrolet 350

Duk mai riƙe da tsohuwar akori-kura Chevrolet C10 ta shekarun 1969 zuwa 1972 mai injin 350, wata rana sai ya zo kan maganar kabureta. Idan injin yana nan yadda kamfani ya ƙera shi, kuma hawa ake yi ba tsere ba, Edelbrock 1406 ta dace da shi ƙwarai. Tana shaƙar iska cfm 600 (ma'aunin yawan iskar da ke wucewa a minti ɗaya), cok ɗinta (marufin da ke rage iska idan inji ya yi sanyi) na lantarki ne, an kuma saita ta don tattalin mai.

Ƙirarta daga tsohuwar kabureta Carter AFB aka ɗauko ta. Jikinta alminiyam ne ɓari biyu, kuma mahaɗar tana sama da inda mai ke kwanciya, shi ya sa ba kasafai take yoyo ba. Abin da ya fi burge bakanike shi ne saiti. Allurai biyu da ke auna mai, da sifirin ɗinsu, ana cire su ta sama da sukundireba, ba tare da an sauke kabureta ko an zubar da ɗigon fetur ba.

To amma tana da ciwo biyu, kuma mafi yawan ƙorafin da ake yi a kanta daga nan yake.

Na farko ƙarfin famfon mai. Ba ta jure matsin mai da ya wuce psi 6 (ma'aunin ƙarfin matsi). Famfo da yawa na kasuwa suna turo fiye da haka, sai man ya rinjayi allurar fulot, kwanon man da ke cikin kabureta ya cika ya tumbatsa cikin inji. Alamarsa baƙin hayaƙi, fulogi mai gawayi, da inji yana mutuwa a silo. A sa abin rage ƙarfin mai a tsayar da shi a psi 5.5. Kafin ma a ɗaura ta, a buɗe murfin a auna fulot, domin jijjigar hanya kan gusar da shi: tsayinsa inci 7/16 ne.

Na biyu zafi. Alminiyam yana jan zafin manifol, don haka idan aka kashe mota bayan doguwar tafiya, fetur ya kan tafasa a kwano, musamman mai gaurayen etanol irin na gidajen man Amurka. A dawo bayan minti ashirin, sai an daɗe ana murza makulli. Gasket mai kauri na hana zafi, ko zoben katako a ƙarƙashinta, yana rage wannan sosai. Gaskiya ya kamata a ce kamfanin yana haɗawa da shi a kwali.

Wayar cok kuma kada a jona ta a jikin koyil. A waɗannan motocin wutar da ke zuwa koyil ba ta kai volt 12 idan inji na aiki, sai cok ya ƙi buɗewa duka, mai yana ta ƙonewa a banza. A nemo waya mai cikakkiyar wuta wadda ke ɗaukewa idan an kashe makulli.

Wanda motarsa ta zo da kabureta Quadrajet daga kamfani ya sani bakin manifol ɗinsa bai yi daidai da na wannan ba, ramukan baya sun fi faɗi. Sai ya sayi faifan haɗi ko ya sauya manifol. Kuma kada ya jefar da tsohuwar, domin masu tara motocin asali suna duba lambar da ke jikinta kafin su yi ciniki.