Karɓar kirifto: a walat ɗinka kai tsaye, ko ta hannun kamfanin biya?

Malam, ka ce kana sayar da huluna da shadda a intanet, kwastomominka na Ingila da Saudiyya suna son biya da kirifto, kana tambaya: ka tura musu adireshin walat ɗinka, wato manhajar ajiye kirifto, ko ka haɗa shagon da kamfani mai karɓa a madadinka? Yawan odar da ke shigo maka shi zai raba gardama.

Kowanne ka zaɓa, USDT za ka karɓa. Darajarsa a ɗaure take da dalar Amurka. Bitcoin kuwa farashinsa kan sauka kafin ka sayar, ribar hular ta narke, ga shi tabbatarwa ɗaya takan ci kusan minti 10.

Walat kai tsaye, irin Trust Wallet, ba kamasho, ba rajista, kuɗin a hannunka yake muddin ka adana kalmomin sirrinka 12 a takarda. Amma duk aikin a kanka yake, kuma a nan ake asara. USDT yana bin layukan turawa daban-daban: TRC20 na Tron, ERC20 na Ethereum, BEP20 na BNB. Adireshin Tron da T yake farawa, sauran biyun duka da 0x, shi ya sa ake rikita su. In aka turo ta layin da ba shi ba zuwa walat ɗin da kalmominsa ke hannunka, buɗe wancan layin za ka ga kuɗin. In adireshin kasuwar musaya ka bayar, wato kamfanin saye da sayar da kirifto, sai roƙo, wani lokaci ya tafi ke nan. Don haka rubuta wa kwastoma layin ɓaro-ɓaro tare da adireshin.

Kada ka saki kaya saboda hoton shaidar biya, ana haɗa na bogi. Karɓi lambar cinikin, wato TXID, ka duba ta a Tronscan, shafin duba cinikin layin Tron: adireshinka ne, adadin ya cika, kuma USDT ɗin na gaske ne, na kamfanin Tether mai fitar da shi, don akwai na jabu masu wannan suna. Sau da yawa kuɗin kan zo da giɓi, domin kasuwar musayar kwastoma ta cire kuɗin turawa daga ciki. Faɗa masa tun farko cewa wannan nasa ne. Ka kuma ajiye ɗan TRX, kuɗin layin Tron da ake biyan ladan turawa da shi, in babu shi USDT ɗin ba zai fita daga walat ɗin Tron ba.

Kamfanin biya, kamar NOWPayments ko Binance Pay, shi ke ɗauke wannan wahalar. Kowace oda da takardar biyanta da wa'adinta, kuɗi na shiga shagonka na intanet zai nuna an biya, ko kana barci. Ladansu ba ya da yawa. Abin dubawa shi ne wasu suna neman katin shaida, suna riƙe kuɗin a wurinsu, kuma suna iya rufe hidima: a Maris 2024 Binance ya daina hulɗa da naira gaba ɗaya. BTCPay Server kyauta ne, ba mai riƙe maka kuɗi, sai dai da kanka za ka girka shi, kuma ƙarfinsa a Bitcoin yake.

A ganinmu, mai oda 'yan kaɗan a mako ya tsaya a walat da layin TRC20 kaɗai. Ranar da ka fara rasa gane wa ya turo wane kuɗi, lokacin kamfani ya yi.

Wajen mayarwa naira, kowanne ka zaɓa hanyar ɗaya ce. A Disamba 2023 Babban Bankin Nijeriya ya sassauta haramcin da ya sa wa bankuna a 2021 kan hulɗa da kirifto, a Agusta 2024 kuma hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta ba kasuwannin musaya na Quidax da Busha amincewar farko. Sayarwa ta irin waɗannan ta fi aminci a kan P2P, wato sayar wa mutum kai tsaye, inda kuɗin damfara kan faɗo asusunka banki ya daskarar da shi. Sannan tunda biyan kirifto ba ya komawa baya, rubuta a shagon cewa in an fasa ciniki adadin dalar da aka biya za ka mayar, ta layin da aka turo.